Neman Giwan Ruwa a Ƙasar Gaya da Ajingi

Idan ana zancen giwan ruwa a ƙasar Hausa, hankalin kowa Argungu yake tafiya, ko Yawuri da Kainji, ko Baga a bakin Tafkin Chadi. Ba wanda zai kawo Ajingi a ransa. Ƙasa ce ta gero da gyaɗa da wake, ƙasar rairayi, wadda in ka ratsa ta da rani sai ka rantse ba a taɓa jiƙa ƙafa a cikinta ba. Shi ya sa da wani abokina mutumin Gaya ya ce min masunta sun fitar da giwan ruwa daga wani gurbi a yankinsu, wanda sai da mutum biyu suka kama kafin ya ɗagu, ban tsaya jan magana ba. Na ce ya saurare ni, ina tafe.

Bayan kaka ne, an gama yankan dawa, hazo ya fara sauka. Muka fita Kano ta titin Maiduguri, muka wuce kasuwar goro ta Mariri, tafiyar kilomita 40 ko ɗan fiye ta kai mu Wudil. A bakin gada na sauka, domin duk mai son ya gane kifin gabashin Kano daga nan ya kamata ya fara. Ruwan da ke wucewa a ƙarƙashin gadar nan haɗakar Kogin Kano ne da Kogin Challawa. A nan Kogin Wudil ake ce masa. In ya miƙa arewa maso gabas ya shafi gefen ƙasar Ajingi, ya shiga Jigawa ta wajen Ringim, sai ya zama Kogin Haɗejiya. Daga can ya bazu a fadamun Haɗejiya da Nguru, ya haɗu da ruwan Jama'are, abin da ya rage ya bi Kogin Yobe har Tafkin Chadi. Ke nan ruwan Wudil da na Baga hanyarsu ɗaya, kuma giwan ruwa ɗan asalin wannan ruwa ne tun kaka da kakanni. Ƙarancinsa ne kawai ya sa yau in an kama babba ake cika gari da labari.

Masu kifi suna nan a gindin gada da farantansu. Akwai karfasa, akwai kurungu, akwai tarwada, kodayake manyan tarwadan nan masu sheƙi yawancinsu na kiwo ne, ba na kogi ba. Na tambayi wani mai suya ko ana samun giwan ruwa. Ya ɗago ya dube ni, ya ce, “Alhaji, ana samu, amma sai an yi sa'a, kuma ƙanana ne. In babba kake so, ka nufi Tiga.” Na sayi karfasa biyu da yaji, muka kama hanyar Gaya.

Gaya gari ne da tarihinsa ya fi girmansa na yau. Daga nan aka ce Abagayawa suka tashi, maƙeran da suka je gindin Dala neman tama, har zamansu ya zama tushen birnin Kano. Masu ba da labarin Bayajidda ma suna cewa maƙeran Gaya ne suka ƙera masa wuƙar da ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu a Daura. Da wannan a raina na roƙi abokina ya kai ni maƙera, don in ga ko har yanzu ana ƙera kayan su. Muka tarar da wani dattijo yana gyaran lauje, yaro yana masa zuga. Ya ce ƙananan ƙugiyoyi yanzu na kanti ake saye, kwali guda ba tsada, ba mai zuwa wajensa dominsu. Amma babbar ƙugiya da zago, waɗannan har gobe sai maƙeri. Ya ɗauko wani guntun ƙarfe ya sa a wuta, da ya yi ja ya kama shi da awartaki ya ɗora a kan uwar maƙera, ya ja bakinsa ya yi tsini, ya sare gefe ya fitar da ɗan haƙorin da ke hana kifi zamewa, sannan ya lanƙwasa, ya tsoma a ruwa. Tsawonta ya kai tafin hannuna. Na ce, “Baba, ana yawan neman irin wannan?” Ya ce, “A zamanin mahaifina, kowace shekara in ruwa ya fara ja sai masunta sun yi layi a nan. Yanzu kifin da zai haɗiye ta ne babu.”

Washegari da sassafe muka bi titin da ya yi arewa zuwa Ajingi. Hanya ce ta gonaki da ɗorawa da kuka, ga Fulani sun saki shanu a karmami. Daga Ajingi muka hau babur, muka bar kwalta, muka shiga rairayi. Ana cikin tafiya sai ƙasa ta canza launi, ta yi duhu, giginya da goruba suka yawaita, sai ga gonakin shinkafa da aka girbe da masu shirin noman rani suna jan tiyo. Iska ma ta canza, ta ɗauko ƙanshin laka. Mun iso fadama.

Mutumin da aka kai ni wajensa ya manyanta, amma damtsensa na mai tuƙa jirgi ne. Muka gaisa, aka kawo ruwa, na faɗi abin da ya kawo ni. Bai ce komai ba, ya shiga ɗaki ya fito da wani abu a cikin tsohon buhu. Kan kifin ne, an busar. Na karɓa da hannu biyu. Bakin a wangame yake, leɓen ƙasa ya zarce na sama, dunƙulallen hannuna ya shige ciki ba tare da ya taɓa gefe ba. Babu manyan haƙora irin na tsage, sai wani kaushi a dasashi, domin giwan ruwa ba ya yanka abincinsa, zuƙe shi yake yi ɗungurungum. A gefen kumatun akwai wani ƙashi mai baki irin na zarto da ƙaya mai kaifi, wadda ya ce ita ce ke tsinka igiya, ita ce kuma ke yanka hannun wanda bai san kan abin ba. Ya zazzago min ɓawon jikin daga wani gwangwani. Kowane ɗaya ya kai faɗin kwabon da, fari, mai ɗan haske in an ɗaga shi a rana.

Na ce, “Baba, yaya aka yi?”

Ya ce, “Malam, kifin nan ya daɗe yana gaya mana yana nan. Da asuba sai ka ga kawara sun watse a saman ruwa, sannan ka ji bugu daga ƙasa. Tarwada ba ta haka. Muka riƙa tarar da kallinmu a yage. Yara suka ce kada ne. Na ce ba kada ba ne, na san mai wannan aiki, na zauna da shi a Baga ina saurayi.”

Sai ya nemi karfasa mai rai, ya soke ta ta gadon baya yadda ba za ta mutu da wuri ba, ya ɗaura ƙugiyar a igiya mai kauri, ya ɗaura igiyar a gora, ya saka a inda gurbin ya fi zurfi, kusa da wani kututturen itace da ruwa ya kayar. Ya ce an yi kwanaki ana canza karfasa ba labari. Ranar da abin zai faru, gari bai gama wayewa ba suka hango gorar tana tafiya ita kaɗai, kuma ba bin ruwa take yi ba, gaba take yi da shi. Suka shiga jirgi shi da ɗansa. Ya ce kuskuren da yaro yake yi shi ne ya ja igiya da ƙarfi. Giwan ruwa in ya ji an ja shi sai ya taso sama ya buɗe baki ya girgiza kai, a nan ƙugiya take fita ko igiya ta tsinke. Sai dai a bi shi, a sassauta in ya ja, a tattara in ya tsaya, a hana shi komawa cikin itace. Haka suka yi ta yi har rana ta ɗaga. Da ya gaji ya juya ciki sama, sai ɗan ya soka masa zago a bayan kai. Jirgin bai iya ɗaukarsa ba tare da haɗarin kifewa ba, sai janyo shi suka yi zuwa gaɓa.

Kafin azahar dillali ya iso daga Kano, don labari yanzu a waya yake tafiya. Naman giwan ruwa fari ne, ba shi da ƙananan ƙayoyi, masu otal da manyan gidaje suna rububinsa. Kuɗin da ya samu, in ji shi, ya sayi taki, ya gyara jirgi, ya rage na sallah. Kan ne kawai ya ce ba na sayarwa ba ne.

Daga ina irin wannan kifi ya fito a gurbin da ba a saba ganinsa ba? Shi dai ra'ayinsa daga Tiga ne. Madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974 a zamanin Gwamna Audu Bako, tana riƙe ruwa mai yawa da zurfi, kuma giwan ruwa yana cikinta. Babbansa yana son ruwa mai zurfi, mai iska, wanda ba ya ƙafewa. A shekarun da ruwa ya yi yawa, irin 2022 da ambaliya ta yi ɓarna a Jigawa da gabashin Kano, madatsu suna tumbatsa, kogi ya haura gaɓa, kifi ya bi ruwa ya sauko. In ruwa ya ja, wanda ya dace da gurbi mai zurfi sai ya zauna, ya tarar da karfasa da kawara ba mai yi masa takara, ya yi ta ƙiba. Maganarsa tana da ƙarfi. Ni kuma ina ganin wasunsu a nan aka ƙyanƙyashe su, a nan suka girma, kuma abin da na gani da yammacin ranar shi ya ƙara min wannan zato.

Madatsun nan sun yi wa kogin abu biyu. Kafin Tiga, da kuma Challawa da aka gama a 1992 a ƙasar Ƙaraye, kogin yakan cika ya malale fadama da damina, da rani ya tsinke ya bar gurabu. Wannan malala ita ce gidan haihuwar kifi, a cikin ciyawar da ruwa ya rufe ƙanana suke samun abinci da maɓoya. Bayan madatsun, ruwa ya zama yana gudana kusan duk shekara, manoman rani suka amfana, Kano ta sami ruwan sha. Amma malalar ta ragu, kuma ruwan da ba ya ɗaukewa ya ba kachala dama ta toshe hanyoyin ruwa a yankin Haɗejiya da Nguru. Hanyar da kifi yake bi ya hauro daga gabas ta ƙuntata. Wannan ba laifin masunci ba ne, kuma ba shi da ikon gyara shi.

Akwai kuma wanda yake hannunmu. Da la'asar muka gangara bakin ruwa. A wani lungu mara zurfi na ga samari biyu sun shiga har gwiwa suna jan wani abu shuɗi. Gidan sauro ne, irin wanda ake rabawa kyauta don kare mata da yara daga zazzaɓi, an ɗinke biyu an mai da su taru. Suka janyo shi gaɓa suka zazzage a roba. Ba kifi ɗaya a ciki da ya kai tsawon yatsa biyu a haɗe. Dattijon ya tsuguna ya sa hannu yana tonawa, sai ya ɗago wani ɗan ƙarami ya ɗora a tafinsa. Jikinsa da dabbare-dabbare masu duhu, bakinsa ya yi wa jikinsa girma, idonsa baƙi da zobe mai ruwan ɗorawa. Ya ce, “Ka gan shi nan. Ɗan giwan ruwa ke nan.” Yana numfashi da ƙyar. Ya miƙa hannu ya mai da shi ruwa, amma ko da na duba robar akwai wasu irinsa da suka riga suka mutu.

Abin ya tsaya min a rai. Kifi ne da kan kai tsawon mita 2 da nauyin kilo 200 in ya sami ruwa da shekaru. Sai ya yi kamar shekara uku kafin ya fara haihuwa, kuma matan su ne suke fin girma, su ne masu ƙwai da yawa. Ga shi an kwashe shi yana ɗan wata biyu, za a shanya a tabarma a sayar da shi a gwangwani. Na yi wa samarin magana, ɗayansu ya ce, “Baba, in ba mu kama ba, na ƙauyen gaba za su kama. Kuma da shi za a yi cefane.” Gaskiya ya faɗa, ban ga wurin yi masa faɗa ba. Ba mugunta ce ta sa shi cikin ruwan sanyi da gidan sauro ba.

Da dare muna cin tuwon shinkafa da miyar kifi, na ba dattijon labarin wani kifi na Amurka da Kanada da ake kira maski. Shi ma mafarauci ne, dogo, mai wuyar samu, har suna masa kirari da cewa sai an yi jifa dubu goma kafin a kama ɗaya. Bai kai giwan ruwa ba ko kusa, domin wanda aka kama a 1949 kusa da garin Hayward a jihar Wiskonsin, wanda har yau ake ambato, kilo 30 ne da 'yan kai. Amma tun 1955 jihar ta ɗauke shi a matsayin kifinta na alfahari. Hukuma tana ƙyanƙyasar 'ya'yansa tana zubawa a tafkuna, ana rufe kamunsa lokacin haihuwa, kuma a yawancin ruwayen jihar doka ta hana a tafi da wanda bai kai inci 40 ba. A maƙwabciyarta Minesota ma inci 54 ne. Saboda haka akan ji wani ya ci karo da ƙato a tafkin da ba a san shi da maski ba. Yawancinsu kuma in sun kama sai su auna, su ɗauki hoto, su mayar. Haka ake yi wa giwan ruwa kansa a Tafkin Nasser na Masar, inda a shekarar 2000 aka kama mai kilo 104 da ƙugiya.

Ya ajiye loma ya ce, “Ya mayar? To me ya kai shi ruwan?” Na ce nishaɗi. Ya yi shiru, sannan ya ce, “Wanda ya ƙoshi ne.” Na yarda da shi. Ba zan iya duban mutumin da ke jiran kifi ɗaya ya saya masa taki in ce ya saki ba, kuma duk wanda ya zo da wannan shawara bakin kogin Ajingi ba za a ma saurare shi ba. Abin ɗauka a wajen mutanen can shi ne barin ƙarami ya girma da barin ruwa ya huta, kuma wannan ba sai mun aro ba, namu ne tun da.

Argungu ce shaida. Bikin da ya samo asali a 1934, lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, wanda UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya a 2016, ba ya haifar da manyan kifaye don tsafi. Matan Fada, inda ake yin gasar kamun kifin, a rufe take, ba mai jefa koma sai ranar da aka ba da izini. A 2020 kifin da ya ci gasar kilo 78 ne. Haka kowane yanki mai ruwa yake da Sarkin Ruwa, wanda ke cewa wannan gurbi an hana shi sai bayan kaza, ranar buɗewa kuma a yi shela, ƙauyuka su taru a yi su na gayya, kowa ya koma da rabonsa.

Kafin in bar yankin na je gaida Sarkin Ruwansu. Na ce, “Ranka ya daɗe, har yanzu ana rufe gurbi?” Ya ce suna rufewa da baki, amma da dare sai a shiga. Da, in ya kama mutum, ya ƙwace kayansa ya kai shi gaban dagaci, maganar ta ƙare. Yanzu in ya ƙwace, gobe shi za a kira a tambaye shi wa ya ba shi iko. Ya ce abin da ya fi ci masa rai masu zuba guba ne. A da majimfa ake dakawa a zuba, kifi ya bugu, ruwa ya wanke. Yanzu maganin feshin gona ake tuttulawa, ya kashe babba da ƙarami da ƙwai, a kai kasuwa mutane su ci, shanu kuma su sha ruwan. Doka tana nan. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta haramta guba da nakiya, ta kuma hana ragar da idonta bai kai milimita 76 ba. Masunta da yatsa suke auna idon raga, kuma yawancin wadda na gani a shanye a bakin ruwan nan yatsa ɗaya ce ko biyu.

Wani zai ce a sayo 'ya'yan giwan ruwa a zuba a kowane dam a huta. A yi hattara. A shekarun 1950 aka saka shi a Tafkin Biktoriya da ke tsakanin Yuganda da Kenya da Tanzaniya, inda ba gidansa ba ne. Zuwa shekarun 1980 ya mamaye tafkin. Ya kawo kuɗi, ana fitar da namansa Turai, jakar iskar da ke cikinsa kuma ana kai ta Sin, amma kusan nau'i 200 na ƙananan kifayen tafkin suka ɓace, kuma shi ne babban dalili. A ƙaramin dam ɗin da mutane suka dogara da karfasarsa, zai iya cinye abincin gari. A Kogin Wudil kuwa ba sai an kawo shi ba. Yana nan, na gan shi a tafin hannu.

Tun 2024 masarautar Gaya ta ƙunshi Gaya da Ajingi da Albasu, kuma ga jami'a a Wudil inda ake karantar da ilmin kiwon kifi. Roƙona ga Mai Martaba Sarkin Gaya da hakimansa da shugabannin ƙananan hukumomin nan shi ne a kira sarakunan ruwa da masunta na ƙauyukan bakin kogi a zauna, har da na tsallaken Jigawa, tunda ruwan ɗaya ne. A ware gurabu masu zurfi ko da kaɗan ne a rufe su, a ba Sarkin Ruwa takarda da goyon bayan da zai tsare su, a sa ranar buɗewa a yi shela. Samarin da ke jan gidan sauro a musanya musu da raga mai faɗin ido, kada a tsaya ga kora kawai. Mai zuba guba kuwa a kai shi kotu. A yi wannan zama tun da rani, kafin ruwan sabuwar damina ya malale fadama kifi ya fara zuba ƙwai.